Furar Mushe Isuhu

Bana ma ruwa ya gwada mana halinsa. Ya sauko da ƙarfi muka yi shuka, gero ya fito gwanin sha'awa, sai sama ta wanke fes kamar ba ta taɓa sanin hadari ba. Kullum da la'asar nakan fita bayan gari nan Cadawa in tsaya bakin gonata, in ga ganye ya nannaɗe don ƙishi, in duba gabas in ga babu komai, in komo gida da rairayi mai zafi cikin takalmi. Tun da na ajiye aikin koyarwa ba ni da wani buro, wato ofis, sai wannan gona, ni da ita muke shan ranar tare.

Ana cikin haka Rabe ya iso bisa moto, babur ɗin nan nasa. Rabe tsohon ɗalibina ne, ɗan Gidan Sori, yanzu shi ma malamin wasanni ne, furfura har ta fara keto masa gemu. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya gai da Hajara matata, ya sha ruwa, sannan ya faɗi abin da ke tafe da shi. Wai abokin aikina na da, Mushe Isuhu, kamar yadda 'yan boko a nan ke kiran malami, zai ajiye aiki, tsofaffin ɗalibai sun haɗa masa taron ban kwana a filin tsohon kolejinmu na ƙasar Gidan Rumji, kuma shi da bakinsa ya ce lallai a zo da ni. Ya ƙara da cewa suna roƙon Madam Hajara ta zo ta tsaya kan masu daka, don za a dama fura irin ta shekarar yunwa, furar Mushe Isuhu, ita kaɗai ta san hannunta.

Na ce masa to, Allah ya kai mu. Hajara tana gefe tana tsintar wake, ta ɗago ta dube ni ta mayar da kai. Ta san sunan furar nan kaɗai ya isa ya hana tuwo wuce mini maƙogwaro.

Gara in faɗa tun yanzu kada wani ya riga ni: ƙyashin Isuhu nake ji. Na yi istigifari a kai, na yi azumin nafila, na tsufa, abin yana nan inda yake. Kuma duk daga damina ɗaya ya tsiro, irin wannan da muke ciki.

Tare aka turo mu kolejin muna samari, mu biyu malaman wasanni. Ni na zo da sunana. Tun ina ɗalibi ban taɓa ganin ƙeyar kowa a tsere ba, shi ya sa ake ce mini Barewa, a kokowa kuwa na kayar da ƙarti a Agye da Gazawa har makaɗa sun riƙe sunana. Isuhu ɗan wani tsohon gida ne na wajen Tibiri, gajere, da ɗan tumbinsa tun yana saurayi, in ya ce zai yi gudu yara sai sun juya baya sun yi dariya. Ban san shi da cin tsere ko ɗaya ba. Abin da ya iya shi ne busa usur, da tsayawa ya tambayi yaro lafiyar ubansa da sunan unguwarsu. Yaya yake ce mini don na girme shi, ni kuwa Isuhu nake kiransa gatsal.

A waccan shekarar, ana dab da rufe lakol, wato makaranta, don babban hutu, aka yi wa dattijon da ke shugabancin wasannin kolejin canjin wuri. Dirakta ya kira mu buro ya ce ɗayanmu ne zai gaje shi, amma ba zai yanke ba sai an dawo hutu, sai ya ga wanda zai iya fitar da yara zuwa gasar makarantu da akan yi a Maraɗi bayan kaka. Na fito ina dariya a zuci. A ganina an riga an gama magana, dirakta dai yana yi wa Isuhu kara ne don kada ya ji kunya.

Ga shi kuma ina da Rabe. Ni na gano shi. Wata ranar kasuwa amalanken Gidan Sori ya tafi ya bar shi, na gan shi ya bi shi a guje cikin rairayi ba takalmi, ya kamo shi, ya ɗale ko haki ba ya yi. Washegari na cire shi daga cikin 'yan ƙwallo. Na koya masa yadda ake jan numfashi, yadda ake ajiye ƙafa, yadda ake ɓoye ƙarfi sai zagayen ƙarshe. Ƙafafun nan nasa, in ban da halitta da take ta Allah, duk aikina ne.

To amma daminar da ta gabata ba ta yi ba. Kafin bazara ta raba, rumbuna sun kai ƙasa. Kasuwar Gidan Rumji da muka sani da tulin hatsi ta koma sai masu garin rogo da masu kallon masu garin rogo. Zafi kuwa ba a magana. Da hantsi kwanon aji yakan fara ƙara shi kaɗai, ruwan randa ya yi ɗumi, jakai su tsaya gindin bango kai a ƙasa ko ƙuda ba sa kora. Yara suna zuwa aji leɓe a bushe, a darasin wasanni in na ce a zagaya fili sai in ga ana kallon juna.

A wancan zamani in an rufe lakol filin wasa gona yake komawa. Akan tuge sandunan raga a jingine bayan aji, malaman da ba su tafi gida ba su raba fili su noma, da kaka a girbe, a kwashe kara, a mai da sanduna. Ƙasar tana da ƙarfi, don duk rani bisashen gari nan suke kwanciya. A shekarar sauran malamai suka watse garuruwansu, fili ya rage gare mu mu biyu. Muka ja layi da ƙafa a tsakiya, ni gabas shi yamma.

Kewayen filin akwai hanyar gudu, ƙafafun yara sun daddale ta ta yi tauri, faɗinta bai wuce na amalanke ba. A kanta muka fara saɓawa.

"Yaya, mu bar hanyag ga, kada mu shibka ta," in ji Isuhu. "Yara na buƙata tata."

Na ce, "Waɗanne yara? An ruhe lakol. Wa ka taɓa gani yana gudu da yunwa?"

Shi dai ya bar rabinsa. Ni kuwa na sa sungumi na fasa nawa rabin har bakin shinge. Har gobe ban ga laifina ba. Hajara tana da cikin fari, uwata tana Cadawa tana jiran abin da zan aika, kuma ban taɓa ganin manomin da ya bar ƙasa zaune a shekara irin wannan ba. Iri ma uwar tawa ce ta aiko mini, ƙulle a tsumma, ɗan gajeren gero mai saurin nuna, wanda ta hana cikinta ta ajiye. Isuhu ya shuka irin gidansu mai dogon kai, wanda sai ya ga dama yake nuna.

Ruwan farko ya zo da iska da ƙamshin ƙasa, muka fita muka yi shuka ƙafa na nutsewa. Sai ya ɗauke, kamar dai na bana. Tsiro ya fito ya tsaya, rana ta bi shi tana ƙonawa, iska tana binne na bakin shinge. Aka fita roƙon ruwa, aka sake fita. Da la'asar hadari yakan haɗu baƙi ƙirin ta gabas, mata su kwashe shanya, sai iska ta taso ta watsa shi, a kwana cikin gumi. A gidanmu girki ya koma sau ɗaya. Da safe Hajara takan jiƙa garin rogo da ɗan gishiri, da rana ta fita da matan maƙwabta ɗibar tafasa da yaɗiya, a dafa a matse a yi kwaɗo, a ci a bi da ruwa mai yawa. Turmi yakan yini kife, unguwa tsit, ba ka jin daka ko'ina.

Sai labari ya fara zuwa cewa yaranmu suna ƙetare iyakar ƙasa. Wannan ya tafi Jibiya dako, wancan Katsina sayar da ruwa, kuma kowa ya san yaron da ya ɗanɗana kasuwar can ba ya dawowa aji. Ni na riga na sallami Rabe ranar rufe lakol, na ce ya riƙa zagaya garinsu da sassafe, mu haɗu in an dawo. A ganina na gama nawa.

Isuhu kuwa sai ya shiga bin ƙauyuka bisa amalanken mutane. Gida gida yake shiga, ya durƙusa gaban uba ya ce gayya ya zo kira. Wai gonarsa ta fi ƙarfinsa, yana roƙon a ba shi aron yaro a ranakun da ba a aikin gandu, zai ba shi fura ya sha ya ƙoshi. Wane uba ne zai ƙi a rage masa baki ɗaya a shekarar? Ubansa ya aiko masa da hatsi daga Tibiri, irin abin da tsofaffin gidaje kan binne don baƙar rana. Da yake gwauro ne ba shi da mai daka, sai ya zo ya roƙe ni in bar Hajara ta riƙa yi masa. Na ce ta yi, ina dariya, don gonar da ake kira wa gayya ni kaɗai zan iya nome ta kafin azahar. Dusar da ta fita yakan ba wata Bafulatana ta ba shi nono.

Haka gayyar ta kafu. Da sassafe za ka gan su suna ɓullowa ta kowace hanya, hauya a kafaɗa, Rabe a gaba. Kafin a taɓa noma sai Isuhu ya busa usur, su hau rabin hanyar da ya bari. Su taso a guje, su zo bakin gerona su yi cirko, su juya su koma. Rabin fili, juyawa, rabin fili, juyawa. Ni da na san gudu na san wannan ba horo ba ne, ɓata gwiwa ne, na kuwa faɗa masa. Ya ce gaskiya ne Yaya, amma abin da ke akwai ke nan. Daga nan su shiga gonar su yi mata noman da ya fi kama da tattaki, shi ma yana cikinsu yana sare gero yana barin ciyawa. Rana na take tsaka Hajara ta fito da ƙwarya a ka, ya karɓa ya zauna gindin gawo, ya riƙe ludayi, su jeru.

Ni ina nawa ɓangaren ni kaɗai. Kunya kunya gerona, ba ciyawa ko ɗaya, duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya yaba. Amma in na miƙe don in share gumi, abin da nake gani shi ne yaran da na koya wa komai sun kewaye ɗan guntun mutumin nan suna dariya. Rabe yakan zo bakin iyaka ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi gajiya, ina cikin amsawa usur ya yi ƙara, sai in ga ƙurarsa. Wannan usur har cikin haƙorana nake jin sa.

Ruwa ya dawo da gaske, marka ta kafu. Sama takan yini tana tsiyaya, bango ya jiƙe, itace ya ƙi kamawa, gida ya cika da hayaƙi da warin danshi. Duniya ta yi kore shar, kuma a lokacin ne yunwa ta fi cizo, don ga abinci ana gani a gona amma bai isa a taɓa ba. Ƙafafun Hajara suka kumbura. Gerona ya yi ciki, ya fid da kai, ya yi bununi, ya fara zuba ido, na Isuhu yana can yana ta ganye.

Wata safiya ya same ni a bakin iyaka, ba usur a wuyansa.

"Yaya, hatsin Tibiri ya ƙare. Baba ya ce rumbu ya kai ƙasa. In hura ta tsaya yaran ga tahiya za su yi. Uban Rabe ya riga ya gama magana da mai mota."

Na ce, "To mi kake so in yi maka? Kai ka tara su."

Ya juya ya dubi gerona.

Na ce, "Na gane shi. Ni na shuka shi, har bisa hanyar da ka ce a bari."

Ya ce haka ne, ya juya. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Na ce yau ga ƙarshen gayyar ƙarya.

A ranar abin da Hajara ta fito da shi ruwa ne da aka nuna wa gari. Ina tsaye cikin gerona ina leƙe, aka busa usur. Rabe ya taso kamar yadda na koya masa, kafaɗa a sake, ƙafa na sauka daidai. Ya iso inda ake juyawa, kusa da ni har ina jin numfashinsa, sai na ga ya kasa juyowa. Ya zauna a jiƙaƙƙen rairayi ya sa kai tsakanin ƙafafu. Bai gan ni ba. Na tsaya ina kallon ƙashin bayansa ta cikin yagaggiyar riga, ina tuna ranar da ya kamo amalanke. Waɗannan ƙafafu ne za su tafi Jibiya ɗaukar buhu.

Washegari ana fitowa masallacin asuba na shiga tsakiyar gonata da wuƙa. Na yanki kawunan da suka fi cika, na ɗaure, na kai wa Hajara. Ɗanyen gero ba ya dakuwa, don haka sai ta gasa shi sama sama a bakin murhu, ta murje, ta shanya in rana ta leƙo, sannan ta kai turmi. Furar ta fito da wani ƙamshin hayaƙi da ɗan zaƙi na sabon hatsi. Wannan ƙamshi ne har yau ƙartin maza masu jikoki suke lumshe ido in sun tuna.

Na sami Isuhu na ce masa ba don shi na yi ba, kuma in ya kuskura ya faɗa wa wani mahaluki mun ɓata har abada. Dalilina biyu. Ba na so a ce Barewa ya koma ɗan ƙwadagon Isuhu. Na biyun ya fi nauyi: uwata tana Cadawa tana cin ganye, in ta ji irin da ta hana cikinta na yanka ɗanye na ciyar da 'ya'yan wasu, ban san da wane ido zan dube ta ba. Ya ce ya ɗauki alkawari.

Haka na yi ta yanka daga tsakiya ina barin na baki tsaye, wanda ke kan hanya ya ga gona cike. Hajara tana daka da kumburarrun ƙafafu, tana ɗaukowa a ka, Isuhu yana karɓa gindin gawo. Yara sun ɗauka hatsin Tibiri ne bai ƙare ba. Yaro mai jin yunwa ba ya tambayar gonar da aka yanko, hannun da ke riƙe da ludayi yake kallo. Ina daga cikin kara ina jin suna cewa Allah ya saka wa Mushe Isuhu. Kowace addu'a sai na ji kamar an zare mini wani abu daga aljihu, amma gobe in sake fitowa da wuƙa. Uban Rabe ya sallami mai mota.

Da kaka ta yi aka zo taya ni girbi, aka tarar da tsakiyar gona fayau. Na ce tsuntsaye ne. Gari ya ɗauka, wai babban manomin Cadawa yana tsaye tsuntsu ya cinye shi, dirakta ma har jaje ya yi mini. Abin da na aika wa uwata ko kunyar kai bai fitar ba, ta karɓa ta ce Allah ya kyauta gaba. Geron Isuhu da ya sha tattaki ya ɗan yi abin da ya yi, ya sa aka kawo mini rabinsa har gida. Na karɓa, don Hajara ta haihu kuma gidan ba komai. Tuwon nan na ci shi, amma ban taɓa cin abin da ya tsaya mini a wuya kamarsa ba.

Aka buɗe lakol. Azuzuwa da yawa sun yi giɓi, amma 'yan wasa sun dawo cif, ba wanda ya ɓace. Aka mai da sanduna, aka daddale rabin hanyata, na karɓi Rabe na gyara masa abin da juye-juyen nan suka ɓata. Muka tafi Maraɗi. A zagayen ƙarshe ya saki ƙarfin da na koya masa ɓoyewa, ya bar su kamar suna tsaye. Ina bakin layi hannuwa a buɗe. Ya wuce ni da gudunsa, iskarsa ta taɓa rigata, ya je ya rungume Isuhu ya ɗaga shi sama, sauran suka taru suka ɗora shi a kafaɗa.

Da muka dawo dirakta bai ja magana ba. Ya ce ya san wanda ya fi iya gudu, amma shi wanda yara ke dawowa wurinsa yake nema. Ya ba Isuhu shugabancin wasanni. Isuhu ya dube ni, na gane yana neman izini ya yi magana, na girgiza masa kai.

Daga nan bai sake tsayawa ba. Daga kolejinmu aka ba shi wasannin makarantun ƙasar Gidan Rumji duka, daga baya na jihar baki ɗaya, da buro a Maraɗi da mota. Yau a ce ya kai yara Yamai, gobe a ji muryarsa a rediyo. Ni aka kai ni Gazawa, aka dawo da ni Agye, ina nan da usur ɗina da rana bisa kai har ƙarfi ya ƙare. In don gaskiya ne, ya iya aikin, kuma wannan ne ya fi ci mini rai, da ma lalatacce ne da na huta. Duk makarantar da ya shiga sai ya tambayi abin da 'yan wasa suka ci kafin ya tambayi abin da suka ciyo. Ya lallashi iyaye har 'yan mata suka shiga tsere. Ya kuma fitar da umarni cewa duk filin lakol da za a noma a bar hanyar gudu. Umarnin ya iske ni a Gazawa, na karanta, na san da wa ake, na kuma bar hanyar. Duk sallah sai ya aiko da gaisuwa, Yaya kaza Yaya kaza, da uwata ta rasu shi ya fara isowa gaisuwa da motarsa.

Abu ɗaya ya rage mini duk tsawon shekarun nan. Duk inda na ji an ce furar Mushe Isuhu sai in ce a raina, ku dai yi ta faɗa, ni na san geron wa. Shi nake taunawa in haushi ya taso. Bayan Rabe ya tafi na ce wa Hajara wannan karon a gaban kowa zan faɗa, uwata ba ta duniya, ba sauran abin ɓoyo.

Ta ce, "Ka hwaɗi mana, Malam. Ka huta, mu ma mu huta."

Ranar taro Rabe ya aiko mota. Duk hanya gonaki ne a nannaɗe, ni kuwa ina ta jera maganata a zuci, inda zan fara da inda zan tsaya a yi shiru. Filin ban gane shi ba. An kewaye shi da katanga, an shafa wa hanyar gudu farar ƙasa, an ce an daɗe da daina shuka shi. Gawon dai yana nan. Yaran yanzu sun jeru da takalman gudu masu launi, kowa waya a hannu yana ɗaukar hoto. Aka zaunar da ni a layin gaba, aka ce bayan Mushe Isuhu ni zan yi magana.

Ya miƙe da ƙyar, tumbin ya ƙaru, kai fari fat. Ya yi godiya, ya ba mutane dariya da labarin gudunsa, sannan ya juyo ya dube ni.

"Yaya, ka gahwarce ni. Na riƙe maka alkawali tun muna samari, yau ni ka karya shi. Jama'a, hurar da kuka kira da sunana, hatsina ya ƙare tun tsakiyar marka. Abin da kunka sha daga nan har kaka geron Yaya Haruna na. Shi ya yanke shi ɗanye, matatai na da ciki, uwatai na jiran shi. Ba tsuntsu ya ci gonar ba, ku kunka ci ta."

Wurin ya yi tsit, daidai irin shirun da na shirya wa kaina. Sai tafi ya ɓarke. Na waiga in ga fuskokin da ke kallona, na ga duk shi suke kallo. Wani mai babbar riga kusa da ni yana share ido yana cewa kun ji mutum, ranar girmansa ya ɗauki girman ya miƙa wa wani, irin Mushe Isuhu sai an tona. Aka kawo mini abin magana. Na buɗe baki na tarar ba abin da ya bar mini, ko kalma ɗaya. Na ce Allah ya ba kowa ladansa, na zauna. A tsere ɗaya da ya taɓa shiga da ni, ya riga ni.

Rabe ya zo ya durƙusa ya riƙe hannuna da hannu biyu. Na ɗora ɗaya hannun a kansa, zuciyata ta yi sanyi kamar an zuba ruwa a ƙasa mai ƙishi. Ba mu daɗe haka ba aka kira shi ya riƙe wa Isuhu laima, ya tashi da saurinsa na da.

Aka fito da furar a manyan ƙore, Hajara na biye tana gyara mayafi, tun daga nesa na ji ƙamshin hayaƙin. Isuhu ya kamo hannuna ya kai ni gindin gawo, ya ɗauki ludayi ya danƙa mini, ya ce yau Yaya ne zai raba. Suka jeru, dattawa da furfurarsu, kamar jiya. Na fara ɗiba ina miƙawa. Wani dogo da na tuna shi a tsallen tsayi ya karɓa daga hannuna, ya shanye, ya lumshe ido, ya share baki da bayan hannu, ya juya ga na bayansa.

Ya ce, "Wallahi hurar Mushe Isuhu ba ta sake ba."

Ya miƙo mini ludayin, na cika masa na biyu.